Muryarta a Wayar Kowa

SHAFI NA 23

Masu bina ta bayan fage da "Anti ina na yau", ku yi haƙuri, kwana biyu ba mu ga wuta ba, sai da na aika da wayata a yi mata caji a bakin tasha. Ga shi na ƙara muku tsawo. Ku kuma masu cewa Zakiyya sokuwa ce, ku karanta tukuna, sannan wadda ba ta taɓa yin godiyar kunya ba a cikinku ta ɗaga hannu in gan ta.

*

Kitson bai kai rabi ba Zakiyya ta ji muryarta tana fitowa daga wayar wata.

Kanta na sunkuye a cinyar Kyauta mai kitso, an kama gefe ɗaya, ɗayan gefen yana tsaye a tsefe. Mata huɗu ne a rumfar suna jiran layi, ana ta hirar tsadar gero. Sai wata doguwa da Zakiyya ba ta ma san sunanta ba ta ƙure sautin wayarta, ta ce su yi shiru su ji wata baiwar Allah, su da kullum suke cewa maganin 'yan Nijar ƙarya ne.

"Malama, wata goma sha huɗu ke nan. Wallahi ba ƙina yake yi ba, ni shaida ce. Zai zo da niyyarsa, sai abin ya ƙi. Sai ya juya ya kalli bango kamar mai barci, ni ma in yi kamar barcin nake. Abban Mahbuba mutum ne mai zuciya, in na ce masa asibiti ban san abin da zai biyo baya ba. Direba ne, kullum yana hanyar Maigatari..."

Zakiyya ta ji kamar an ɗaga ta an maka da ƙasa. Har jan hancin da ta yi ranar yana ciki, har kukan akuyar maƙwabtansu.

Doguwar ta ce wannan kafin a sha magani ke nan, yanzu su ji bayan an sha. Ta danna na biyu. Muryar dai ita ce, amma wannan karon da fara'a a cikinta.

"Malama barkanmu da ruwa, mu ma jiya muka samu na farko. To, albishirinki. Daren jiyan nan kam sai godiyar Allah. Rabon da in san ni mace ce irin jiya har na manta. Allah ya biya ki."

Rumfar ta kaure da shewa. Wata ta ce a ba ta lambar, ba don kanta ba, don wata ƙanwarta. Aka ƙara kwashewa da dariya.

Hannun Kyauta ne kawai ya tsaya. Ita ta yi wa Zakiyya kitson amarci, ita ta yi mata na sunan Mahbuba, muryar nan ko cikin barci ta ji ta za ta gane. Ta ɗaure fuska ta ce wa doguwar ta kashe musu abin nan, rumfarta ba gidan rediyo ba ce. Amma an makara. Direbobi nawa ne a Gumel masu 'ya Mahbuba? Ɗaya daga cikin matan, wadda gidansu ke bayan na su Zakiyya, ta kalli kan da ke sunkuye a cinyar Kyauta, ta yi sauri ta mayar da idonta kan farcenta. Ta kusa da ita ta bi inda ta kalla. Haka dariyar ta riƙa mutuwa, baki ɗaya bayan ɗaya.

Kyauta ta sunkuyo daidai kunnenta.

"Zauna in ƙarasa miki, 'yata. In kika tashi yanzu, kin tabbatar musu."

Shawara ce ta manya, kuma gaskiya ce. Sai dai ƙafafun Zakiyya ba su tsaya jin shawara ba. Ta miƙe, ta zura hijabi a kan rabin kitso, ta fita ko ɗankwalinta ba ta ɗauka ba.

*

Kun dai tuna yadda aka faro.

Tun farko ba wurin Malama Zakiyya ta nufa ba. Ranar da ta kai Mahbuba asibiti da zazzaɓi, ta tsaya bayan kowa ya watse, ta yi ta kewaye-kewaye a gaban wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, tana cewa wata ƙawarta ce mijinta yake kaza da kaza. Matar ta saurare ta tsaf, ba ta yi murmushi ba ballantana dariya. Ta tambaya ko mijin ƙawar yana yawan shan ruwa, ko yana yawan tashi fitsari, ko ya rame. Zakiyya ta ce duka ukun. Matar ta ce to a lallaɓo shi a auna masa suga da hawan jini, sau da yawa daga nan abin yake, kuma ana samun sauƙi in an zo da wuri. Ta ce akwai ranar da likita ke ganin miji da mata su kaɗai, ƙofa a rufe.

Da ta bi wannan, da yau ba mu da labari.

Amma sai ta ce bari ta ji ta bakin Asama'u. Asama'u aminiyarta ce tun suna 'yan firamare a Gagarawa, kwano ɗaya, dukan malami ɗaya. Yanzu tana aure a Maigatari tana sayar da kayan mata. Asama'u ta riƙe haɓa ta ce asibiti? A garin da kowa ya san kowa? Ta ce kafin Ƙasimu, mijin Zakiyya, ya fito daga ɗakin likita labarinsa ya riga shi zuwa tasha. Ta ce ita ta san mai rufin asiri, wata tsohuwa a Damagaram, Malama Nana Firdausi, wadda ba ta san kowa a Najeriya ba, kowa bai san ta ba. Ta ba ta lamba, layin Nijar.

Malama ba ta aiko da murya, wai muryar mace al'aura ce. Rubutu take yi, irin na mutanen can, "ina kouana" da "tchikin ikon Allah". Amma ita a aika mata da murya, saboda idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta doguwar magana. Ko sau ɗaya Zakiyya ba ta tambayi kanta yadda mai raunin ido take zuba rubutu haka ba. Wanda ke cikin damuwa ba ya irin wannan lissafin.

Roba uku ta karɓa ta hannun Asama'u, haɗin zuma da dabino da garin saiwa. Ta ce wa Ƙasimu maganin basir ne, abin da kowane direba ke sha, ya kuwa riƙa sha ba musu. Babu abin da ya canza, sai ma ƙishirwarsa da ta ƙaru, wuyan rigarsa ya ƙara faɗi. Malama kuma kowace safiya sai ta rubuto tana tambayar yadda aka kwana. Asama'u ta ce tsohuwar nan tashi take tana yi wa Zakiyya addu'a da sunanta, kuma in aka ce mata maganinta bai ci ba, kuka take har ta kasa cin abinci.

Shi ne Zakiyya ta ji nauyi. Ta ɗauki waya, ta aro fara'ar da ba ta da ita, ta yi wannan godiyar don a rufe maganar, tsohuwa ta huta, ita ma ta daina karɓar roba. Duk 'yar gidan mutunci ta san irin wannan godiyar. Ita ce wadda ake yi wa surukar da ta aiko da miyar da gishiri ya yi wa yawa.

*

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, motoci ba sa jiran kowa. Aka cusa ta tsakanin wata mai buhun zoɓo da wani dattijo mai rago a cinya. Izinin kitso kawai ta nema da safe, ga ta a hanyar wani gari, kuma garin da mijinta yake lodi. Ta ja hijabi ta rufe har hanci.

Duk tsawon hanyar Malama take tsine wa a zuciyarta. Asama'u kuwa tausayinta ma take ji, tana tunanin yadda za ta ji kunya in ta ji abin da tsohuwar da ta yarda da ita ta aikata. Wurinta za ta je su haɗa kai a sa Malama ta goge muryar kafin ta yi nisa.

Ta tarar da ita a tsakar ɗaki ta baje, robobi sun kewaye ta, tana ɗura haɗi da ludayi. Asama'u ta yi tsalle ta rungume ta, tana ƙawata ta kaina, yau wace rana. Zakiyya ta cire hijabin, rabin kitson ya bayyana, ta zube a bakin gado ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga Gumel. Da ƙyar ta iya haɗa maganar.

Asama'u ta yi salati ta sanar da Ubangiji. Ta ce lallai mutum abin tsoro ne. Ta ce Zakiyya ta kwantar da hankalinta, ita za ta yi wa Malama magana da kanta.

"Kira ta yanzu," in ji Zakiyya.

Asama'u ta ce ai Alhamis Malama azumi take, ba ta taɓa waya.

"Kira ta."

Ta ce kuma kwanan nan rezo ɗin can, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa, ko an kira ba ya shiga.

Zakiyya ta share fuskarta da bakin hijabi, ta ciro wayarta. Watanni uku tana magana da Malama ba ta taɓa kiranta ba, don an ce ba ta so. Yau kam kunya ta ƙare. Ta danna.

Sai ga wani ɗan kiɗa siriri yana tashi a cikin ɗakin.

Asama'u ta hau tari, ta shiga ba da labarin tsadar zuma da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Kiɗan bai daina ba. Zakiyya ta miƙe a hankali, wayar na kunnenta, ta bi sautin har gaban jerin kuloli da ke kan kabad. Ta buɗe ta farko, ba komai. Ta buɗe ta biyu. Wata 'yar waya ce mai fasasshen gilashi a naɗe cikin tsumma, tana haske. A jikinta an rubuta: *Zakiyya Gumel, ta direba.*

Ta daɗe tana kallon sunanta. Sannan ta kashe kiran, ta juyo.

"Ke ce?"

"Zauna in yi miki bayani."

"Ke ce kike tashi kina mini addu'a?"

"Zakiyya..."

"Ke ce kike kuka har ki kasa cin abinci?"

Asama'u ta ajiye ludayin. Ta ga babu wurin ɓuya, sai ta gyara zama, fuskarta ta koma irin wadda take yi wa mai taya kaya da arha. Ta ce to ita ce, sai me? Ta ce da ta fito ta ce haɗin nata ne, a ɗakin nan take dama shi, wa zai saya? Mutanenmu ba sa yarda da na gida, sai an ce musu daga nesa ya zo, daga hannun tsohuwa mai carbi. Ta ce ita kanta Zakiyya, shekara ashirin suna tare, amma rabin abin da ta faɗa wa Malama ba ta taɓa faɗa mata ba.

Wannan ta shiga, domin gaskiya ce. Akwai abubuwan da Zakiyya ta zuba wa wayar nan waɗanda ko a sujada sai ta yi ƙasa da murya take faɗarsu. Ta faɗi ranar da Ƙasimu ya yi kuka. Ta faɗi ranar da ta tsani jikinta, tana zaton ita ce ta daina burge shi. Ashe duk a kunnen Asama'u suke sauka, Asama'un da washegari za ta kira ta tana tambayar ya maigida, kamar ba ta san komai ba.

Ba haushi ne ya fi cin ta ba a lokacin. Ji ta yi an yi mata tsirara, kuma wadda ta tuɓe ta ita ce wadda take gudu wurinta neman zane.

"To ki yaudare ni, na ji. Me ya sa kika watsa?"

Asama'u ta ce ba watsawa ba ce, shaida ce. Haka sana'ar take, kowa haka yake yi. Ba mai sayen magani sai ya ji muryar wadda ta sha ta ga aiki. Ta ce ai ba ta sa suna ba, ba ta sa hoto ba, ba ta sa lamba ba.

"Na ce Abban Mahbuba."

"Mahbuba nawa ce a duniya?"

"Na ce direba. Na ce hanyar Maigatari."

Asama'u ta kau da kai. Can ta ce ita fa tana ganin abin alfahari ne ma. Namiji ya samu matsala ya warke, ina abin kunya? Kowa ya ji ƙarshen labarin ai ya san Ƙasimu ya dawo da ƙarfinsa.

Zakiyya ta yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Bai warke ba."

"Kamar yaya?"

"Maganinki bai yi komai ba. Ko sau ɗaya. Ramewa ma yake yi."

"Ke da bakinki kika ce..."

"Kunyar tsohuwa na ji. Tsohuwar da babu ita."

Zakiyya ta zuba mata ido tana jira. Har a lokacin, kun ji wautar zuciya, tana sa ran Asama'un Gagarawa za ta fito daga cikin wannan matar, ta kama hannunta ta ce na cuce ki, yafe mini. Abin da ta gani kawai shi ne idon Asama'u yana zagaya robobin da ta cika tun safe.

Zakiyya ta ce abu biyu take so. Ta goge muryar a duk inda ta saka, sannan ta fito ta faɗa wa mutane cewa godiyar ba gaskiya ba ce, kada wata ta ɗura wa mijinta zuma alhali ƙila suga ke cin sa.

Asama'u ta ce gogewa kam za ta goge, amma mata ɗari takwas ne a zauren da take talla a waya, tun jiya da azahar, kowa ta tura wa nata. Na biyun kuwa, ta girgiza kai.

"So kike in kashe kasuwata da hannuna?"

"So nake ki faɗi gaskiya."

"Gaskiyar da na sani ita ce wadda na ji da kunnena. Kin ce ya yi. Ko gaban alƙali aka kai ni, abin da zan faɗa ke nan."

Kafin Zakiyya ta buɗe baki aka yi sallama a tsakar gida. Sha'aibu ne, mijin Asama'u, ya shigo da babur ɗinsa yana haki, bai san da baƙuwa a ɗaki ba. Daga waje ya ɗaga murya yana cewa a ƙaro masa roba ashirin, waɗanda ya fita da su sun ƙare tun kafin azahar. Ya ce tun da ya saka muryar matar nan a zauren direbobi suka yi masa caa, har waɗanda ke cika baki a tasha suna janyo shi gefe.

Asama'u ta yi wuf ta nufi ƙofa tana yi masa alama da hannu. Bai lura ba. Shi namiji ne, Ƙasimu Direba ya sani, bai taɓa tambayar sunan 'yarsa ba.

"Kin san abin mamaki? Har mijin ƙawarki ya saurara. Sau biyu na ga ya kara a kunne. Sai kawai ya bar lodi rabi ya ja mota, masu kaya na ta kiransa ko waiwaye. Ko lafiya?"

Sai a lokacin ya hango wadda ke tsaye a bayan matarsa.

Zakiyya ta mayar da hijabinta. A baibai ta saka shi, ba ta tsaya gyarawa ba. Ta zo wucewa ta gaban Asama'u, ta tsaya.

"Ranar da aka kai ni gidansa, ke kika riƙe mini hannu har bakin gado. Ke kika ce mini duk abin da ya faru a ɗakin nan kada in bari bango ya ji."

Asama'u ba ta ɗago ba.

"Ban yafe ba, Asama'u."

*

A hanyar komawa ba ta yi kuka ba, shiri take. Ta san Ƙasimu. Mutum ne da ko ciwon kai ba ya yarda a ce yana yi. Yau ga abin da ya fi ɓoyewa a duniya yana yawo a aljihun abokan aikinsa, da muryar matarsa. Ta yanke cewa ba za ta kare kanta ba. Za ta durƙusa ta faɗi komai: Malamar ƙarya, maganin da ta ce na basir ne, fitar da ta yi ba izini. In ya huce, ko bayan wata ne, za ta kawo masa maganar ma'aikaciyar jinyar nan, ta roƙe shi su je a auna shi. In zagi ne ta ɗauka. In ya ce ta je gida ta huta ma ta ɗauka, ta san ta jawo.

La'asar ta yi lokacin da ta shigo layinsu. J5 ɗinsa na ƙofar gida a karkace, rabin buhuna a ciki, ba a ko ɗaure su ba. Shekara shida da aurensu, ba ta taɓa ganin motar nan a gida ranar Alhamis da rana ba.

Mahbuba tana Islamiyya, gidan shiru. Yana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya miƙe ƙafa, hularsa a gefe. A gabansa ga robar magani ta ƙarshe, ga buta, ga waya. Yau da ta kalle shi da idon tsoro sai ta ga ramar tasa ta fi yadda take zato.

Ta yi sallama. Ya amsa.

Ta durƙusa nesa kaɗan, ta fara. Ta faɗi duk abin da ta shirya, har da wanda ba ta shirya ba. Bai katse ta ba, bai ɗaga murya ba, bai ko kalle ta ba. Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi.

Da ta yi shiru ya ɗauki buta ya kurɓi ruwa.

"Kin gama?"

Ta gyaɗa kai.

Ya ce ya ji ta farkon. Ya ce a gaban mutum goma sha wani abu ya ji ta, wani yana dariya yana cewa Allah ya rufa mana asiri, shi ma ya buɗe baki ya ce amin. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin abu ya ƙona shi haka ba.

"Amma duk abin da kika faɗa a ciki gaskiya ne. Wata goma sha huɗu. Ban san kina ƙirgawa ba. Ni ma ina ƙirgawa."

Hawayenta ya ɓalle.

"Na san ina cutar ki, Zakiyya. Tsoro ne ya hana ni magana. Wallahi da wannan ce kaɗai, gobe da sassafe zan bi ki asibitin, kowa ya gan ni."

Ta ɗago da sauri. Fiye da shekara tana jiran wannan maganar, ga ta yau ta fito daga bakinsa. Wani sanyi ya fara sauka a ƙirjinta, har ta buɗe baki za ta yi masa godiya.

Sai ya miƙa hannu ya danna wayar.

"Malama barkanmu da ruwa, mu ma jiya muka samu na farko. To, albishirinki. Daren jiyan nan kam sai godiyar Allah. Rabon da in san ni mace ce irin jiya har na manta..."

Ya kashe.

A rumfar Kyauta ta ji wannan muryar, ta ji kunya. A ɗakin Asama'u ta tuna da ita, ta ji takaici. Sai yanzu, a karo na farko, ta ji ta da kunnen Ƙasimu.

"Abban Mahbuba, wallahi ƙarya na yi. Kunya ce ta sa..."

"Ƙarya." Ya jinjina kai. "Da wannan fara'ar."

"Don tsohuwar ta daina tambayata ne. Ka tambayi..."

Ya tambayi wa? Malamar da babu ita? Ko Asama'un da ta ce ko gaban alƙali za ta rantse cewa magani ya yi?

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, amma muryarsa a kwance take, kamar mai tambayar hanya.

"Ranar ruwan farko ina Dungas. Mota ta lalace, a ƙarƙashinta na kwana, ruwan nan a kaina ya ƙare. Kuma ko da a gida na kwana, ni da ke mun san ba ni ba ne."

Ya tura wayar gabanta.

"Da wa, Zakiyya?"